Kek ɗin bikin ƙanwata da lissafin bakin da zai ci

Abin da na gani a bikin 'yar kawunmu ne ya sa na ɗauki maganar kek da zafi. An kawo shi hawa biyar, fari fat da adon ruwan zinare, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Ango da amarya suka riƙe wuƙa, aka yi tafi. Ashe hawa ɗaya ne na gaske, sauran huɗun farin soson nan ne da ake tokare sabon firji da shi a cikin kwali, aka lulluɓe da suga. Teburi uku na gaba kaɗai suka samu. Gwaggwannin ango da suka taso tun daga Zariya suna zaune suna kallo aka raba aka tsallake su, a gaban surukai. Har yau in zance ya biyo ta kan bikin nan sai an ambata.

Da aka sa bikin ƙanwata ƙarshen Afrilun 2024, bayan ƙaramar Sallah, Umma ta ce, "Ke ce babba, ki riƙe maganar dina." Na ƙudura a raina cewa duk wanda ya zauna a wurin sai ya tashi da rabonsa.

Wata Hajiya aka haɗa ni da ita a Tarauni, a gidanta take gasawa. Na je da hotuna cike da waya, ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ce mutum nawa? Na ce mun buga kati 250. Ta ce, "'Yata, ba baƙi na tambaye ki ba, baki na tambaye ki. Baki nawa zai ci?"

Gaskiyarta. A Kano kati ɗaya ba mutum ɗaya yake kawowa ba. Wadda kika gayyata za ta zo da ƙanwarta, ko ƙawarta, ko 'yarta budurwa, kuma babu wanda zai tsaya a ƙofa ya kori 'yar dangi. Na koma gida muka zauna da Umma muna ƙirge har muka rikice. Daga baya na gane akwai ma'aunin da ya fi kati gaskiya, wato kujerun ɗakin taron: teburi 40, kowanne mutum 10. A kan 400 muka tsaya, Hajiya ta ce a ɗora 30 saboda halin yau.

Daga nan ta ɗauko takarda ta koya min abin da ban taɓa sani ba. Yankan kek na biki yana da awo: faɗin inci 1, tsawon inci 2, a kek mai tsayin inci 4. Bai kai yankan da muke yi a gida ba, amma bayan an ci shinkafa da kaza ya wadatar. A wannan awon, zagayayyen kek mai inci 12 yana ba da yanka 56, mai inci 10 yana ba da 38, mai inci 8 yana ba da 24, ɗan ƙaramin na sama mai inci 6 kuma 12. Duka hawa huɗun nan da ke cika ido a hoto yanka 130 ne. Jikina ya yi sanyi, don ni da a tunanina hawa huɗu zai ciyar da unguwa.

Ta ce kada in ƙara hawa, domin kuɗin kek ɗin biki a ado yake tafiya, da lulluɓin sugan nan da suke kira fondan da furannin da ake ƙerawa da hannu. Shawararta ita ce a yi hawa huɗun duka na gaske, sannan a gasa wasu guda uku a babban faranti mai inci 12 da 18, kwaɓi ɗaya, ɗanɗano ɗaya, ba ado. Kowane faranti in an gyara gefensa yana ba da kimanin yanka 100. An samu 430 ke nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 fulawa da suga da ƙwai ba su sake zama wuri ɗaya ba, don haka muka sayo namu a kasuwar Singa tare da kayan alkaki da dubulan na gara, muka biya ta ladan aiki da ado.

Akwai tambayar da nake roƙon kowace mace Musulma ta yi kafin ta ba da kafin alƙalami. Kek ɗin nan mai duhu da ake zuba wa zabibi da busassun 'ya'yan itace, wanda ya yi suna a bukukuwa saboda yana daɗewa bai lalace ba, a asalin girkinsa na Turawa cikin giya ake jiƙa kayan. Wasu masu gashin har yau haka suke yi, kuma ba za su faɗa ba sai an tambaya. Hajiya ta ce ita a ruwan lemo take jiƙa nata. Duk da haka mun zaɓi mai kwakwa da mara haɗi, don su ne manya da yara ke ci ba gardama.

Zafin Afrilu kuwa ba sai na faɗa wa mutumin Kano ba. Adon bota narkewa yake yi, shi ya sa aka lulluɓe da fondan, aka kawo kowane hawa a kwalinsa cikin mota mai sanyi, aka harhaɗa a ɗakin taron bayan la'asar.

Rabon ne ya fi ba ni aiki, kuma a nan na ga yawancin bukukuwa ke faɗuwa. Kek zai iya isa a lissafi ya ƙare a hannun mai yankan ganganci. Tun ƙarfe 5 na sa 'ya'yan gwaggona biyu da yarinyar Hajiya suka yanke farantan uku, suka naɗe kowane yanka a 'yar ledarsa, tunda mutanenmu da yawa a jaka suke sawa su kai wa yara. Ango da amarya na ajiye wuƙa aka fara fitowa da tire. Na ce a fara da dangin ango, sannan teburan baya, a ƙare da na gaba, don na gaba ba a taɓa manta su. Shi kuwa mai hawan aka shiga da shi ciki aka sauke ɗaya bayan ɗaya. Ana zana da'ira inci 2 daga gefe, a yanyanka wannan zoben, a sake zana wata a ciki, har a kai tsakiya. Kowane teburi ya samu, har da ragowar kusan 20 da muka miƙa wa direbobi da masu gadi a waje.

Muna cikin tattara kaya na tuna da waɗanda ban taɓa sa su a lissafi ba. Kujerun ɗakin taro na ƙirga, alhali matan da suka kwana uku a bakin murhu suna tuya da dahuwa ba sa zuwa dina. Suna gida, su da Kaka da Inna, sun haura 20. Abin ya soke ni ƙwarai. Ɗan ƙaramin hawan sama kaɗai ya rage, wanda muka ware za a kai ɗakin amarya. Na raɗa wa ƙanwata a kunne, ta ce, "Yaya, ki kai musu, don Allah."

Wajen ƙarfe 11 na dare na shiga gida da shi. Kek ɗin mutum 12 na yanka siri-siri har ya zaga, kowacce ta karɓi abin da bai fi lomar yaro ba tana sa albarka. Inna ta naɗe nata a gefen zani ta ce na jikanta ne da safe. A littafin da nake rubuta lissafin biki, ƙarƙashin faranti uku, na ƙara layi a daren: faranti na huɗu, na matan gida, a kai musu kafin a tafi dina. Bikin ƙaninmu na nan tafe, kuma na riga na gaya wa Hajiya.