Fari Ma Hawa-Hawa Ne

Duk wanda ya shiga Kantin Kwari ya ce a ba shi farin yadi, sai an tambaye shi wane farin. Akwai farin madara, akwai fari fat, akwai kuma wanda idan rana ta doke shi sai ka kanne ido. Wannan na ukun shi ne abincina. Ina da ɗan wurin aiki a Kano, ni da yara shida, da tukwanen ƙarfe uku da igiyoyin shanya. 'Yan kasuwa su kawo mana akoko bandir-bandir, mu mayar musu da shi fari tas.

Auduga ba fara ba ce yadda mutane suke zato. Idan aka saƙa ta, takan fito da ɗan ja-ja, ga maiƙonta na halitta, ga sitacin da masaƙa ta shafa wa zare. Saboda haka dafuwa ce farkon aiki: soda da sabulu a tafasasshen ruwa, har maiƙon ya saki, ka ɗiga ruwa a kan yadin ya shanye nan take. Sai a bi da haidurojin ferokzayid, ya cinye launin. A nan yadi ya yi fari, amma ajiye shi kusa da shaddar Getzner ka ga yadda zai koma kamar tsohon alawayyo.

Abin da ya rage shi ne garin da muke kira maganin haske. Iyayenmu bula suke sa wa farin kaya, shuɗinta ya danne rawayar, sai dai tana rage wa tufa haske kaɗan. Shi wannan ƙari yake yi. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ana ce masa ultrabayolet. Maganin sai ya zuƙe shi ya mayar da shi shuɗin haske da ido ke gani, yadin ya riƙa fitar da hasken da ya fi wanda yake da shi a da. Wani Bajamushe, Paul Krais, shi ya fara gwada dabarar a 1929 da ruwan ɓawon wata bishiya, amma nasa wanki ɗaya yake bi. Na yanzu, wanda ake shigo mana da shi daga Sin da Indiya, yana kama auduga gam.

Ina da 'yar tocilan irin ta masu canji, wadda ake gane jabun kuɗi da ita. Duk bandir ɗin da ya shigo sai na kai shi ɗaki mai duhu na haska. In ya yi walƙiyar shuɗi, to an riga an sa masa magani tun daga kamfani, ƙara masa ɓarna ce.

Maganin nan cokali ɗaya ke raba gyara da asara. Mu giram 3 zuwa 4 muke sa wa kowane kilo na yadi, a kan sikeli. Wata shekara ana saura kwana tara ƙaramar Sallah, aiki ya yi mana yawa, wani yarona ya ga kamar in ya ninka awo farin zai ninku. Da muka shanya bandir goma sha biyu, sai ga su da wani kore-kore kamar gansakuka. Mai kayan ya zo, ya ɗaga gefe ɗaya ya duba a rana, ya ce, "Malam, wannan ai ko likkafani ba za a karɓa ba." Na ce, "Gaskiyarka Alhaji, laifinmu ne, a ba mu kwana uku." Kwana muka yi muna sake dafawa, kuɗin itace da magani duk daga aljihuna. Har yau mabuɗin akwatin awo a wuyana yake kwana.

Ruwa ma abin lura ne. Rijiyar burtsatsen da ke da ƙarfe a ruwanta tana mayar da fari ja, komai tsadar maganinka.

Akwai aikin da ba na karɓa. Yadi mai roba nasa maganin daban ne, yana son zafin da ya kai digiri 130 a rufaffiyar na'ura, tukunyata kuwa ba ta wuce tafasa. Haka marina, ko na Ƙofar Mata ko masu rinin zamani, in suka kawo yadi dafawa kawai nake yi, domin maganin haske yana karkatar da launi, musamman marar duhu. Da yawa suna mamakin in ƙi kuɗi, amma gara haka da a dawo mini da kaya.

Abin da ke damuna yanzu shi ne garin da ake haɗawa da gishiri a sayar a matsayin na asali, ga farashi na bin dala. Shi ya sa duk sabon buhu sai na yanki ƙyalle biyu, ɗaya da tsohon magani ɗaya da sabo, na shanya su gefe da gefe da hantsi, na kira yaran su zaɓa ba tare da na faɗa musu wanne ne wanne ba.