TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 9: Ruwan da na ƙi sha

Assalamu alaikum 'yan uwa, wancan satin na tsaya ne a inda Baba ya sa hannu a takardar izinin fita ƙauye da Sista ta makarantarmu ta ba mu, duk da Kawu ya zo har soro yana faɗa wai an kai 'yar malam makarantar mishan bai isa ba, yanzu kuma za a kwashe ta zuwa ƙauye ta yi wa Maguzawa bauta. Wallahi har yau in na tuna kalmar nan "bauta" sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Inna dai ba ta tanka masa ba, da daddare tana ɗaure min garin kwaki da ƙuli a leda ta ce, "Ke dai duk gidan da kika shiga, ba a mayar da ruwan baƙunta."

A makarantarmu duk lokacin azumin Kiristoci na kwana 40 ake wannan fita, kowa ya tara abin da ya samu, sabulu, gwanjon kaya, kuɗin tara. Mu Musulmi ba wanda ya tilasta mana, ni na ce zan je. Shekarar 1995 ce, aka loda mu a bayan akori-kura mu da Fada da Sista biyu, muka nufi wani ƙauye can bayan Malumfashi, ƙura ta yi mana buɗu-buɗu kafin mu isa.

Aikinmu koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari saboda gudawar yara, kwalbar lemo biyu ta ruwa, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, sukari mai ƙwaya biyar, sai kuma raba ƙyallen tace ruwa saboda kurkunu. A nan na fara ganinsa da idona, wani yaro zaune gindin tsamiya ƙafa ta kumbura, an naɗe farin zaren a jikin tsinke ana ja kaɗan-kaɗan kullum, katikis, wato mai koyar da addini a coci, ya ce ruwan tafkin da ya sha bara ne ya fito masa bana.

To ina fitowa daga nan wata tsohuwa ta miƙo min ruwa a ƙwarya da hannu biyu, ta ce "Sannu jikata, sha." Na leƙa na ga ruwan ja, na ce na ƙoshi. Ba ta ce komai ba ta juya. Ashe ta tace shi da ƙyallen da ni na ba ta da safe, so take na ga ta iya. Sista ce ta karɓa ta sha, ta kalle ni kawai.

Shi Kawun da ke maganar bauta, lokacin da ciwon suga ya kwantar da shi wa ya riƙa wanke masa ƙafa? Ni ce, kuma a wannan fitar na fara koyon riƙe ciwo ba ƙyama. Ban taɓa gaya masa ba har Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa, amma maganar ba ta fita raina ba.

Da na dawo na ba Inna labari ta yi shiru can ta ce, "Ba na gaya miki ba?" A 2013 ina wurin aiki na ji a rediyo Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da kurkunu, tsohuwar nan ce ta faɗo min, ko sunanta ban tambaya ba.

Sati mai zuwa in sha Allah zan kawo muku yadda muka koma ƙauyen da damina, motar ta kafe a rafi.