Bayana ya zama allo

Laraba. Yau aka ɓamɓare filastar gwajin fata da aka manna mini a baya don gano abin da jikina ba ya so, bayan kwana biyu ba wanka sai shafe-shafe da tsumma. A zafin Damagaram! Baban Ummi har da cewa ko banza mun huta da kuɗin garuwa. Ban tanka masa ba.

Da hantsi na hau kabu-kabu daga Birni, ina ta addu'ar kada gumi ya ɓata aikin. Likitar ta cire, ta bi layin da ta zana mini da alƙalami ranar Litinin, gida-gida kamar hatimi. Ɗaya ne kawai ya yi ja, da 'yan ƙuraje ƙanana. Ta ce nikel ne, ƙarfen da ake gaurayawa a 'yan kunne da sarƙoƙi masu araha. Wallahi har na yi hamdala da ƙarfi. Wata biyar ina fama da borin jini, na bar kifi, na bar ƙuli-ƙuli, na sha jiƙon Inna, yau ga ɓarawo a hannu.

Sai ta ce, "Hajiya, kada ki yi saurin murna."

Wai wannan gwajin yana kama abin da fata ke ƙi ne a hankali, bayan kwana ɗaya ko biyu, a daidai inda ya taɓa. Shi ya sa kunnuwana ke tsatstsafo da ruwa duk bayan biki. Borin jini kuwa dabam: ya taso, ya kumbura, kafin awa 24 ya ɓace ya ɓullo wani wuri. Idan ya wuce sati 6, a mafi yawan mutane ba a gano wani abu na waje da ke tada shi.

Na ce, "To likita, wahalar banza ke nan na sha?"

Ta ce a'a, in ajiye 'yan kunnen mu gani, in ci gaba da shan cetirizine, maganin ƙaiƙayi, kullum, ba sai ya taso ba. In dawo Juma'a, don wasu gidajen ba sa nunawa da wuri. Gidan gwajin turare na cikinsu. Nan gabana ya faɗi, ni da humra ce sana'ata.

Shinkafa da wake da rana. Kuran ya ɗauke tun la'asar.

Inna ta kira, na gaya mata. Ta ce ita dai har gobe sammu take zargi.

Na zube 'yan kunnen a gwangwanin madara, har da wanda na saya a kasuwar Dole da jaka ɗaya da rabi, ko sau biyu ban sa ba. Ummi ta riga ta zaɓi nata. Yanzu haka cinyata ta hagu ta fara tasowa, ga kwalaben humrar amaryar Asabar jere kan tabarma ban ɗura ba.