Kafin ka sa hannu a takardar manaja

Ɗan ƙanwata ne ya shigo shagona a Kasuwar Barci ta Kaduna bayan la'asar, waya a hannu, baki har kunne. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, albishirinka." Na ce goro. Wai wani manaja ne ya ji waƙarsa a TikTok, zai saya masa sabuwar waya, ya biya kuɗin sitidiyo, ya yi masa bidiyo. Ya miƙo mini takardar yarjejeniyar. Turanci ne shafi bayan shafi, shi kansa bai wuce na farko ba. Na ture keken ɗinki gefe, na sa tabarau na bi ta layi-layi. An rubuta cewa waƙoƙin da ya yi da waɗanda zai yi nan gaba duk na kamfanin ne, har da tasharsa ta YouTube. Kuma ya riga ya gama shawarar ajiye karatunsa na Poly. Jikina ya yi sanyi, don na san wannan hanya, na bi ta da ƙafata.

Ni ma na yi waƙa. Yaran layinmu ba su sani ba, tela kawai suke gani. A farkon shekarun 2000 ina koyon ɗinki a Tudun Wada, da littafin rubutu na 'yan makaranta a aljihu, duk baitin da ya zo mini sai in rubuta. Da daddare in tafi wani ɗan sitidiyo da aka manna wa soso a bango, mai fiyano ya ɗora kiɗa, ni da yarinyar da ke amshi mu shiga. A lokacin waƙa ce ke sayar da fim. Furodusa zai sayi waƙa tukuna, sannan a nemo labarin da za a rataya mata. Jarumi ya hau kanta yana motsa baki, 'yan kallo su ɗauka muryarsa ce. Da aka dakatar da harkar fim a Kano a 2007, hukumar tace fina-finai ta tsananta, 'yan fim da yawa suka kwararo Kaduna, aiki ya yi mana yawa har muna zaɓe. A nan na ajiye almakashi ban ko yi wa maigidana sallama ta kirki ba. Har ya rasu ban je na nemi gafararsa yadda ya kamata ba, wannan kuwa ya fi asarar kuɗin ci mini rai.

Waƙoƙina kuwa na sayar da su ɗungurungum. A ƙirga mini kuɗi a hannu, in bar waƙa, in bar kiɗa, ko kwafi ba na ɗauka. Wani lokaci a miƙo takarda in sa hannu a tsaye ban karanta ba, wani lokaci babu takardar ma. Sunana, in an sa shi, yana can ƙarshen fim inda kowa ya riga ya tashi.

To amma a yi mini adalci. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, ƙanne a bayana. Kayan ɗakin uwar wannan yaron ma da kuɗin waƙa na yi su, gado da katifa da kwanuka. Da me zan yi su in na tsaya jiran wani haƙƙi da ban taɓa jin sunansa ba? Kowa haka yake yi. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ke riƙe da kasuwar kaset da faifai, furodusa kansa a hannunsu yake, balle mawaƙi. Wa ya san za a yi zamanin da waƙa ɗaya za ta yi ta kawo kuɗi shekara da shekaru? Sai dai in na faɗi haka, zuciyata ba ta barina. Akwai abokin sana'ata da ya ƙi sayarwa sai da sharaɗin sunansa da kwafinsa, muka riƙa ce masa mai taurin kai. Shi ya hango, ni ban so in hango ba. Kuma ba duka kuɗin ne suka tafi gida ba. Da yawa sun tafi a shadda da liƙi a wajen gala da ɗawainiyar abokan da ko a jana'iza ban ƙara ganinsu ba. Mahaifiyata ta ce in riƙe ɗinkin ko da rabin yini ne. Na ce mata zamani ya wuce nan.

Sai kasuwa ta juya. Kamfanonin waya suka fara sayar da waƙa a matsayin kiɗan jiran kira, na ji muryata a wayar mutane, ko kwabo bai zo mini ba. 'Yan dawunlodin suka cika bakin titi suna tura waƙoƙi a memori, faifai ya mutu. Daga baya na tarar da waƙata a YouTube, a tashar wani, da hoton jarumin da ya hau ta, mutane na ta yi masa addu'a a kan baitin da na rubuta ina kuka. Na je wajen wanda na sayar wa. Ya ce, "Malam, ai ka karɓi kuɗinka." Gaskiya ya faɗa. Wani lauya ya bayyana mini cewa a doka haƙƙin mallaka ba ya komawa hannun wani sai a rubuce, don haka waɗanda ban sa wa hannu ba ina da magana a kansu. Ya tambayi hujja. Littafin ya ɓata a tashin gida, kwamfutar sitidiyon an daɗe da sayar da ita. Na koma kan keke da furfura.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, ku matasan mawaƙa, amma da na zauna sai na ga kaɗan ne. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Kai wa lauya, ka biya shi, ko da kuɗin bidiyon ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba marubucin waƙa haƙƙi tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Wanda ya rasu a 1999 kamar Shata, lissafinsa na kaiwa 2069. Abin da jikokinka za su ci shi kake shirin bayarwa a kan waya ɗaya! Akwai Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, je ka tambaya. Ka adana rubutunka da muryar farko da ka ɗauka. Tasharka taka ce, kada ka ba kowa lambar sirrinta. YouTube na neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ya fara biya da talla, kuma da haƙuri ana kaiwa.

Haƙurin ne ba ku da shi. Yaro ya yi waƙa biyu, kwamfuta ta gyara masa murya, mutum ɗari sun yi rawa da ita, shi ke nan ya zama tauraro, ba a yi masa faɗa. Ba kari, ba ma'ana, Hausar ma a karye. Ka ce ya zauna ya gyara baiti ɗaya, sai ya ce Kawu ba ka gane zamani ba ne. Na gane shi sarai, na riga ku jin daɗin tafi.

Kada ka bar makaranta ko sana'a. Wannan ba ni da sassauci a kansa. Ko da yake, in na faɗi gaskiya, waɗanda suka yi nisa a cikinmu su ne suka ba waƙar dukan lokacinsu, kuma dama ba ta jiran mutum ya gama jarrabawa. Duk da haka ka gama. In kuma yunwa ta matsa, ko uwa na kwance asibiti, sayar da waƙa ɗaya, ba zan zarge ka ba, amma ɗaya, da sunanka a kai, ba har da waɗanda ba ka rubuta ba tukuna.

Waƙar siyasa da ta biki kuwa, manta da duk abin da na ce game da jira. Karɓi kuɗinka cif kafin ka shiga sitidiyo, domin bayan zaɓe wayar ɗan takara ba ta shiga.