Labulen saƙar zuma a tagar yamma

Lokacin da muke ginin falo a gidanmu na unguwar Zariya, ni na dage sai an sa babbar taga ta gilashi, kuma ta fuskanci yamma. Afrilun farko ya gwada mini kuskurena. Daga azahar har la'asar sakaliya falon kamar tanda yake, waje zafi ya haura digiri 40, fanka kuwa sai iska mai ƙuna take kaɗawa. Kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki ba hutu, kuɗin wuta na hawa.

Ƙanena mai zuwa sari Kano shi ya kawo mini samfurin wani labule mai naɗewa sama. In ka leƙa shi ta gefe sai ka ga ramuka jere, kamar saƙar zuma. Iskar da ke kulle cikin ramukan ita ke tare zafin gilashi kafin ya shigo ɗaki. Akwai mai rami layi ɗaya, akwai mai layi biyu, akwai kuma wanda aka shimfiɗa wa siririn alminiyam a ciki, ba ya barin haske ko kaɗan. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce irin wannan labule na iya rage zafin rana mai shigowa ta taga har kashi 60 cikin 100, in an ɗaura shi daidai.

A wannan "daidai" ɗin na yi asara. Wuri ɗaya na auna faɗin tagar, ashe magini bai fitar da ita sak ba. Labulen ya zo da giɓin yatsa biyu a gefe guda, kuma ta nan zafi ke kwararowa, kana ji a bayan hannunka. Na biyun sai da na auna sama, tsakiya da ƙasa, na kuma nemi mai maƙalli a gefe don ya rufe ruf.

Uwargida ta so mai ruwan ƙasa. "Malam, fari a garin nan? Hunturu ɗaya zai gama da shi." Gaskiyarta game da ƙura, amma fuskar da ke kallon rana dole ta zama fara, ita ke mayar da haske. Muka samu mai fuska biyu: ciki ruwan ƙasa, waje fari.

Yanzu tun hantsi ake sauke shi, ba a jira sai gilashi ya ɗau zafi. Bayan isha'i a naɗe, a buɗe taga. Ƙurar da ke shiga ramukan da famfon keke nake hura ta, ban taɓa sa masa ruwa ba.

Kilim ya samu sauƙi sosai, amma gilashin na nan da zafinsa a bayan labulen. Shi ya sa da daminar bana na dasa bedi biyu a gaban tagar.