Yadda zato ke shiga fayil ɗin yaro kafin jami'i ya ga yaron

A Amurka, yara baƙar fata kusan kashi 14 cikin 100 ne na yaran ƙasar, amma sun haura kashi 20 na waɗanda hukuma ta raba da iyayensu ta ba wasu riƙo. Wani bincike da ya fito a 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yara baƙar fata hukumar kare yara za ta binciki gidansu kafin su kai shekara 18, alhali a jimillar yaran ƙasar kashi 37 ne. Yawancin ma'aikatan walwala da suka rubuta fayilolin waɗannan yara ba su fito da niyyar cutar kowa ba. Zato ne da ya riga ya zauna a zuciya, yana yanke hukunci kafin a gama tambaya.

Mu a Gombe launin fata ba shi ne ma'auni ba. Namu ma'aunin shi ne tufafin uwa, unguwar da aka fito, da yadda uba ke furta Hausa. Bafulatanin ruga, almajiri, ɗan gudun hijira daga Borno ko Yobe, bazawara mai zaman kanta, mutumin da sunansa ya nuna addininsa ko ƙabilarsa, Tangale ne ko Tera ko Waja ko Bolewa: kowanne akwai labarin da aka riga aka rataya masa. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta hana nuna wa yaro bambanci saboda asalinsa, amma doka ba ta zama a kan tebur lokacin da ake cike fom.

Ƙofar farko ita ce ƙarar wa ake kaiwa. Gidan haya mai ɗakuna goma, kukan yaro kowa na ji, kafin la'asar magana ta kai wa mai unguwa. Gida mai doguwar katanga da maigadi kuwa, yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye aikatau za ta shekara tana shan wayar wuta ba wanda ya sani, wanda ya sani kuma yana jin nauyin Alhaji. A nan son zuciyar ke cuta ta fuska biyu: ɗan talaka a yi wa gidansa dirar mikiya, yarinyar gidan babban mutum a bar ta ba mai ceto. Ta biyun ce ta fi ci mini rai, domin ba ta ma shiga rajista balle a ƙidaya ta.

Sai rubutun fayil, inda ɓarnar ta fi yawa. Jami'in walwala ya shiga gida ya ga tabarma ɗaya, tukunya a kife, yara ba takalmi, sai ya rubuta "sakaci". Talauci daban, sakaci daban. Tambayar da ke raba su ita ce: abin da ke gidan, yaron yana samun rabonsa? Idan kowa a gidan ya rame, abinci ake buƙata. Idan ɗan kishiya ko maraya ne kaɗai ya rame, sauran suna sheƙi, to akwai magana. Kuma a bar auna rama da ido. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, a ɗaura tef ɗin awon damtse a tsakiyar hannun hagu: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, tsakanin 11.5 da 12.5 matsakaiciya. A rubuta lambar, ba "yaron ya lalace" ba. Kalmomi irin su "uwar ba ta da kunya" ko "mutanen daji ne" ba su da gurbi a fayil. Alƙali zai karanta su kamar hujja, alhali ra'ayi ne.

Haka rauni. A 2002 an gano a wani asibitin yara na Philadelphia cewa idan yara sun zo da karaya, an fi yi wa waɗanda ba farar fata ba hoton ƙashi na neman alamar duka, an kuma fi kai rahotonsu. Maganin wannan shi ne ƙa'ida ɗaya ga kowa. Shatin duka a kunne, wuya ko gangar jikin yaron da bai wuce shekara 4 ba, ko kowane irin shati a jikin jaririn da bai fara rarrafe ba, abin bincike ne ko ɗan waye. A duba a hasken rana, a taɓa a ji kumburi, don a baƙar fata shati ba ya nunawa sosai. A kuma tambayi tabon ƙaho, tsaga da sakiyar wanzami kafin a kira su azabtarwa. Suna iya zama haɗari ga lafiya, amma ba ɗaya suke da ƙunar da aka yi wa yaro don horo ba.

Wata gunduma mai suna Nassau a jihar New York ta gwada wata dabara: kafin kwamiti ya yanke ko za a ɗauke yaro, sai a share suna, launin fata da unguwa daga bayanin. Cikin kimanin shekara biyar, rabon yara baƙar fata cikin waɗanda ake ɗaukewa ya sauko daga kusan kashi 55 zuwa 29. Wasu wuraren da suka kwaikwaya ba su ga sauyi mai yawa haka ba, domin idan tun daga kai ƙara aka karkace, share suna a ƙarshe ba zai miƙar da ita ba. Duk da haka ofishin ƙaramar hukuma zai iya yi ba tare da kashe kobo ba. Jami'in da ya je gidan ya karanta wa abokan aiki biyu abin da ya gani, yana cewa "yaro na ɗaya", ba suna, ba unguwa, ba sana'ar uba. Su faɗi matakin da ya dace, sannan a buɗe sunan. Idan hukunci ya canza bayan an ji sunan, a rubuta dalili.

Iyayen da ba sa jin Hausa sosai a nemo musu tafinta babba wanda ba ya cikin rigimar, kada a sa yaron ya yi wa uwarsa tafinta. Duk bayan wata uku kuma a buɗe rajista a ƙirga: daga waɗanne unguwanni ƙara ke zuwa, su wa aka sasanta a gaban mai unguwa, su wa aka miƙa wa 'yan sanda kan laifi iri ɗaya. Unguwar da ba ta taɓa fitowa a rajista ba, a je makarantunta da asibitocinta a tambayi malamai da nas-nas abin da suke gani.