Godiya Bayan Kare Kundin Digirina

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an kare kundi, an sa hannu, an wuce wurin. Duk kun san yadda aka yi da asibiti da abin da ya biyo baya, ba sai na sake tayar da shi ba, don ni kaina na gaji da ba da labarin. Saƙonninku na gani, wanda ban amsa masa ba ya yi mini uzuri, har yanzu jikin bai gama dawowa ba.

Mutum ɗaya nake so in tsaya a kanta, dattijuwar nan mai kula da ɗakin gwajinmu a nan Bergen. Soson tekun da nake aiki a kansa, wata dabbar ruwa mai suna Sycon ciliatum, ɗan ƙarami ne, bai kai tsawon yatsa ba, kuma a ruwan Norway da bazara kawai ake samunsa ɗauke da 'ya'ya a cikin jikinsa. Idan lokacin ya wuce ka, sai baɗi. Ni kuwa a tsakiyar lokacin aka shiga da ni tiyata, kuɗin karatuna na gab da ƙarewa. Da na farfaɗo, wallahi ba ɗinkin ne ya fara zo mini a rai ba, shekarar da ta tafi ce. Na juya fuskata bango na yi kuka.

Ashe ita ta ci gaba da fita bakin ruwa da sassafe tana ɗebo mini su, tana ajiye kowanne a maganin da ke hana shi lalacewa, da kwanan wata a jikin kowace kwalba. Ba aikinta ba ne, ba kuma wanda ya sa ta. Bayan an sallamo ni ta zo har gida da kwamfutarta, ta buɗe hoto ɗaya ta ajiye mini a cinya: launin shuni ya zagaye bakin soson ta sama, daidai inda ƙwayoyin gadon Wnt ke aiki. Wnt ɗin nan dangin wanda ke taimaka wa ɗan tayin sauran dabbobi ne ya bambance gaba da baya, ga shi a jikin halittar da ba ta da jijiya, ba tsoka, ba hanji. Soson Ostireliya, Amphimedon, wanda aka fitar da cikakken tsarin gadonsa a 2010, Wnt uku gare shi, Sycon ɗin namu kuwa 21. Na daɗe ina kallon hoton ina tasbihi a zuci. Ita ko ta shiga kicin ta dafa mana shayi kamar gidanta. Ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba. Ta ce kar in sa sunanta, na bi maganarta, amma Allah Ya san ta. Allah Ya saka mata da alheri, Ya ba ta lafiya, Ya haɗa jikokinta da masu tausaya musu.

Ranar karewa kuma tsoro ya dawo sabo. Mai jarrabawa na waje ya tambaye ni, tunda ba a samu ƙwayoyin gadon Hox, masu tsara sassan jikin dabba daga kai zuwa wutsiya, a soso ba, me ya sa nake ganin asararsu aka yi, ba rashinsu tun asali ba? Bakina ya bushe. Sai Allah Ya kawo mini binciken 2014 da ya ba da rahoton Cdx, ɗan uwan Hox na kusa, a cikin wannan Sycon ɗin namu, alamar cewa kakan dabbobi na sama da shekara miliyan 600 ya fi yadda ake zato kayan aiki, wasu zuriyoyin ne suka zubar da nasu a hanya. Mai jarrabawar ya ƙara da cewa to ai binciken 2023 kan jerin kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, ya nuna ktenofora, waɗancan halittun ruwa masu jijiya da tsoka, su suka fara rabuwa da sauran dabbobi, ba soso ba. Na ce masa hujjar tana da ƙarfi, gardamar ba ta mutu ba, kuma ko wane ne na farko, soso bai zama halitta mai sauƙi da aka raina ba. Ya yi murmushi ya rufe kundin.

Abban yara, na san ba ka son a ambace ka a bainar jama'a, yau kam sai haƙuri. Kai ka riƙe yara, ka koyi kitso a waya don kar 'yarka ta je makaranta da kai a tsefe. Allah Ya biya ka da Aljanna. Inna, wadda ba ta taɓa ganin teku ba amma kullum sai ta tambayi lafiyar "dabbobin nan naki", Allah Ya ƙara miki nisan kwana. Yaya Babba da ya sayar da filinsa na Zariya bai gaya mini ba sai daga baya, Allah Ya mayar maka da ninkinsa. Matan masallacinmu, 'yan Somaliya da 'yan Gambiya, da suka yi ta aiko da abinci, Allah Ya yi wa zuriyarku albarka, Ya raba ku da kwanciyar asibiti a ƙasar da ba taku ba.

Akwai kuma 'yan uwa na jini da ban ji muryarsu ba tun ina kwance, sai shekaranjiya da hoton rigar digiri ya fita. Wasu a cikinsu su ne masu cewa a taron suna wai an bar miji da yara an tafi karatun soso. Ba komai, na ga taya murnar, na gode.

Masu tambayar walima, sai mun iso gida bayan Sallah in sha Allahu, Inna ce za ta sa rana. Ɗaliban da suka nemi kundin kuma, da zarar jami'a ta ɗora shi a intanet zan turo muku.